Kakarmu da Ta Fito daga Rijiya

Salaga, Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Zuwa ga 'yata Mudassira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Faruq da jaririya Firdaus. Mutanen gida duk suna lafiya. Ni kaɗai ce ban san ko in ce lafiya nake ba, kuma ke ce sanadi.

Da gangan na ƙi kiranki a waya. In na ji muryarki zan yi ta faɗa har batir ya mutu ban faɗi abin da nake son faɗi ba. Shi ya sa na ba Mahama direba wannan takarda ya kawo miki Bawku tare da lodin doya.

Kin aiko mini da littafinki na biyu, kika ce in karanta in faɗi ra'ayina kafin ki kai wa mai buga littattafai a Tamale. To na karanta. Kwana uku ina zaune a rumfa da takardunki a cinya, masu saye suna taya doyar laribako ina ce musu su je rumfar gaba.

Kin san yadda na yi da na farkon, Mutanen Rijiya. Babi-babi na karanta wa matan kasuwa shi. Na'imatu mai hatsi har kuka ta yi a wurin da fararen baƙi suka zo da sandunan awo da sarƙoƙi, suka toshe rijiyoyin mutanen ɓoye, suka ce daga yau ƙasar ta zama tasu. Duk wanda ya ji ya san da wa kike. Na ce yarinyar nan ta rama mana.

Na buɗe na biyun ina jiran in ga mutanen ɓoye sun tashi sun fatattaki baƙin nan, sai kika juya da mu baya, tun kafin zuwan farare. Wai ba su suka fara ba. Wai waɗanda suka fara cin ƙasar mutanen ɓoye fatake ne, masu jakuna da huhun goro, masu carbi a hannu, masu magana da Hausa. Da na kai shafi na arba'in sai da na ajiye takardun na sha ruwa.

Ba ki sa sunan madugun ba, amma wa kike yaudara? Madugu mai yatsa huɗu a hannun hagu, mai rijiya da matakala bakwai a gindin tsamiya. Yaron goye a Salaga ya san Madugu Jibirilu ne, kakan Babanmu, wanda har yau da sunansa ake kiran gidanmu.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne Iya Lamisi. Ni na ba ki labarinta a kan cinyata bayan rasuwar mahaifinki Zainudeen, lokacin ba kya barci sai da tatsuniya. Na gaya miki aljana ce, ta fito daga rijiyar gidanmu ranar Alhamis, madugu ya gan ta ya aure ta. Shi ya sa ba ta da dangi a duniya. Shi ya sa matan gidanmu ba sa sanya ƙarfe a hannu ko a ƙafa, don aljani ba ya shiri da ƙarfe. Shi ya sa kowace Alhamis da safe muke dama garin gero mu zuba a bakin rijiya, mu kira sunayen 'yan uwanta huɗu na cikin ruwa. Wannan shi ne abin alfaharinmu. Ke kuma kin mai da ita budurwar mutanen ɓoye da aka kamo a sarƙa, aka wanke a bakin rijiya, aka shafe da man kaɗe don ta yi kyan gani a kasuwa, madugu ya zaɓe ta ya ajiye wa kansa. Innalillahi! Kakanki mai sayar da mutane, kakarki kuma kayan sayarwa. Wanne kika bar mana?

Rubutun kansa ba shi da laifi, kuma wannan ne ya ƙara mini haushi, don na so in same shi da kuskure in huta. Babin ƙarshe ne kawai shirme, inda ta tsufa ta shiga rijiya ta ɓullo a garinsu, ta tarar da 'yan uwanta huɗu suna jiranta ko furfura ba su yi ba. Wannan ko a tatsuniya ya yi yawa.

Ranar da kika fara rubutu kin yi mini alkawari ba za ki buga komai daga labaran da na ba ki ba sai na yarda. To ga ra'ayin da kika nema: ban yarda ba.

Ki gai da Faruq. Akwai doya goma a buhu mai jan zare, naki ne, fushina bai kai can ba.

Gwaggonki,
Memuna

*

Salaga, Talata, 9 ga Janairu, 2024

Yaya Fuseini,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gai da iyali da malaman makarantarku ta Yendi. Ya jikin naka, ƙafar ta yi sauƙi?

Ba zan ja ka da nisa ba. 'Yar ƙaninka ta haukace. Ta rubuta littafin aljanu ta sa kakanmu a ciki yana sayar da mutane, ta mai da Iya Lamisi baiwa. Na san tana jin maganarka fiye da tawa, don kai ba ka ɗaga murya. Ka rubuta mata ka ce ta ƙona shi.

Ka san garinmu. Baƙi suna zuwa da kyamara suna ɗaukar hoton tsohuwar kasuwar bayi da rijiyoyin wanka, su yi kuka su hau mota su tafi. Mu da muke kwana a nan kuwa ba wanda yake cewa gidan wane ne ya sayar, gidan wane aka sayo. Kowa ya iya bakinsa. In littafin nan ya fito, ni da nake magajiyar masu doya da wane ido zan shiga kasuwa? Mata biyu za su yi cacar baki a kan wurin shimfiɗa, in je rabo, ɗaya ta ce mini jikar baiwa, ɗayar ta ce jikar mai sayar da mutane.

Na san ka daɗe kana ƙyamar sadakar rijiya, kana cewa ba ta da asali a addini. Wannan daban. Yanzu maganar sunan gida ake yi.

Ina jiran amsa ta hannun Mahama in ya juyo da albasa.

Ƙanwarka,
Memuna

*

Bawku, Lahadi, 21 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Gwaggona, uwata,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, ina fatan kin tashi lafiya. Doya ta iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Faruq yana gaishe ki. Firdaus ta fara zama.

Na karanta takardarki sau huɗu, na yi kuka. Na san zafinki, amma ban taɓa jin kin ce mini "ban yarda ba" a bushe haka ba. Ina roƙon ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yaga.

Gwaggo, ba ƙirƙira na yi ba. Da na so in ƙirƙira, da na bar laifin duka a kan fararen baƙi kamar na farko, kowa ya tafa mini.

Bayan na yi arba'in na dawo daga wankan jego a wurinki, sai na ji ina son in riƙe al'adar gida saboda Firdaus. Ba mu da rijiya a nan, sai na zaɓi gindin bishiyar da ke tsakar gidan hayarmu. Ranar Alhamis da safe na dama garin gero a ƙwarya, na durƙusa yadda kika koya mini, na zuba sau huɗu ina kiran sunayen: Atinga, Awini, Abugri, Akugri.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Iya Apoka, 'yar ƙabilar Kusasi ce, daddawa take sayarwa. Tana shanya kalwa a lokacin. Sai na ji tiren ya faɗi daga hannunta. Ta zo ta tsaya a kaina, ta ce da irin Hausarsu, "Kai, wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Iya, al'adar gidanmu ce a Salaga. Sunayen aljanu ne."

Ta ce, "Aljani? Ƙanena sunansa Awini. Mijina da ya mutu sunansa Abugri. Wannan ruwan gari namu ne, haka muke ba iyayenmu da suka tafi. Wanda ya koya maka, mutuminmu ne."

Gwaggo, ƙwaryar ce ta kuɓuce mini. Shekara biyu ina Bawku, ina jin sunayen nan a makarantar da nake koyarwa, ina kiran su a rajista kowace safiya, amma ban taɓa haɗa su da na bakin rijiyarmu ba. Na bakin rijiya a raina na aljanu ne, shi ke nan.

Iya Apoka ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Da na gaya mata ba ma sa ƙarfe a ƙafa, sai ta rufe bakinta da hannu. Ta ce a ƙauyensu, can wajen Zebilla, tsofaffi suna nuna duwatsun da ake ɓuya in mahara sun zo. Ta ce waɗanda aka kama kudu ake yi da su, kuma sunan gari ɗaya ake faɗi: Salaga.

A hutun da ya wuce na tsaya Yendi na tambayi Baba Fuseini. Bai ce mini i ba, bai ce a'a ba. Tashi kawai ya yi ya ce zai yi alwala, alhali bai daɗe da idar da la'asar ba.

Kin tambaye ni wanne na bar muku. Ban sani ba, Gwaggo. Nima jininsu ne su biyun a jikina, kuma tun ranar nan ban daina jin kunya da tausayi a lokaci guda ba. Na bar ta a cikin mutanen ɓoye ne don ita ce rigar da gidanmu ya sa mata, ba ni da wata. Abin da na ƙara kawai shi ne yadda aka yi ta zo bakin rijiyar.

Alkawari yana nan. In ba ki yarda ba, ba zan buga ba. Mai buga littafin ya ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu, in ya wuce zai sa na wani a gurbin.

Ki yafe mini ɓacin ran da na jawo miki. Ki gai da Hajiya Na'imatu da su jikarki Suhaila.

'Yarki,
Mudassira

*

Yendi, Asabar, 27 ga Janairu, 2024

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yar uwata Hajiya Memuna,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Bayan haka, takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, alhamdulillahi. Mahama ya ratsa ta nan sau biyu ban ba shi amsa ba. Ba mantuwa ba ce, rasa ta inda zan fara na yi.

Kin nemi in umarci yarinyar ta ƙona littafinta. Ba zan iya ba, kuma wajibi ne in gaya miki dalili, ko da za ki yi fushi da ni.

Kin tuna shekarar fari, 1983, da rijiyar gida ta ƙafe har ƙasa? Kina Kumasi a lokacin, sabon aure. Baba ya sa a yashe ta, ni na shiga da kaina. A cikin laka na taɓo wani abu mai nauyi, na ɗauka tsohon guga ne. Da na fito da shi sai ga mari, na ƙarfe, irin na ƙafa. Baba ya karɓa ya shige ɗaki. Bai ci abinci ba ranar.

Washegari ya kira ni. Kin san ya rayu da Iya Lamisi har ya yi aure, kakarsa ce, a ɗakinta ya tashi. Ya ce tun yana ƙarami yake ganin tabo a idon sawunta duka biyu in tana alwala. Da ya girma ya tambaye ta, ta gaya masa. Daga arewa aka kamo ta, tana tsaron gero a gona. Ranar Alhamis aka shigo da ita gidan madugu, shi ne aka kira ta Lamisi, sunanta na gida kuwa ta ƙi faɗa wa kowa. A gidan ta girma tana aiki, daga baya ta haifa wa madugu ɗa. Ranar da aka cire mata marin, ita ta jefa shi rijiya da hannunta. Sunaye huɗun nan na mahaifinta ne da yayyenta uku.

Labarin aljana kuwa ɗanta Mutawakilu ne, kakanmu, ya ƙago shi da zai nemi aure, don kada a tambaye shi dangin uwarsa. Baba ya ce ita ba ta taɓa musantawa ba, ba ta kuma taɓa faɗa da bakinta ba. In yara suka ce, "Iya, da gaske daga rijiya kika fito?" sai ta ce, "A nan dai aka wanke ni."

Baba ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba yana raye. Ya rasu shekara ashirin da biyu ke nan. Abin da ya biyo baya na shiru nawa ne, ba nasa ba. Na riƙa yi miki wa'azi a kan sadakar rijiya alhali na san abin da take, na bar ki kina kiran bayin Allah aljanu. Da yarinyar ta tambaye ni, guduwa na yi. Malamin da ke koya wa yara faɗin gaskiya ke nan. Allah ya yafe mini.

Ba na ce miki ki yarda a buga ba. Tsoronki na kasuwa gaskiya ne, za a yi magana. Alkawarin tsakaninki da ita ne, hukunci naki ne. Amma ba zan bari ki yanke shi a cikin duhu ba.

Ƙunshin da Mahama zai ba ki a cikin tsohon rawani, shi ne. Shekara arba'in yana ƙasan akwatin littattafaina. Ki buɗe ke kaɗai.

Allah ya jiƙan magabatanmu, wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin. Wassalam.

Yayanki,
Fuseini

*

Bawku, Litinin, 12 ga Fabrairu, 2024

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Mahama ya zo sau uku ba takarda. Na kira wayarki tana kashe. Ya ce kin kwana biyu ba ki fita rumfa ba, Suhaila ce ke kai miki abinci ɗaki. Hankalina ya tashi.

Na ɗauki shirunki a matsayin amsa. Na rubuta wa mai buga littafin takardar janyewa, tana nan a jakata, ranar Litinin mai zuwa zan aika. Zan iya rubuta wani littafin. Wata Gwaggon ce ba ni da ita.

Don Allah ko layi ɗaya ki aiko, in san kina lafiya.

'Yarki,
Mudassira

*

Salaga, Juma'a, 16 ga Fabrairu, 2024

Mudassira,

Wa alaikis salam. Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Ki gai da Faruq da Firdaus, ki gai da Iya Apoka gaisuwa ta musamman.

Babanki Fuseini ya aiko mini da marin da ya tsinto a rijiyarmu, ya gaya mini komai. Na gwada shi a wuyan hannuna bai rufu ba. Sai jikata Suhaila ta shigo da kwanon tuwo, na kalli ƙafarta, na kalli ƙarfen. Ban sa mata ba, Allah ya kiyaye, da zare na auna. Daidai. Shekarar Suhaila goma sha ɗaya.

Shekara talatin ina sayen albasa a hannun wani mutumin Garu, can wajen Bawku, mai suna Atinga. Duk Alhamis ina kiran sunan nan da safe a bakin rijiya, in kira shi da rana a kasuwa. Ke kin ce ba ki taɓa haɗawa ba. Ni na taɓa, sau da yawa, sai in kawar da kai.

Jiya na dama garin na je. Na kira sunayen, sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "'Yarku tana nan, ta haifi mutane da yawa." Daga nan na ɗauki ƙwaryata na koma ɗaki.

Ki yaga takardar janyewar. Na yarda. Matan kasuwa kuwa ni zan karanta musu da kaina, babi-babi, kafin wata ta riga ni.

Gyara uku nake so. Kin ce budurwa ce, ba budurwa ba ce, yarinya ce ƙarama, ga zaren na sa miki a ciki ki gani. Ki cire sunana a shafin sadaukarwa ki sa sunaye huɗun nan. Na uku, babin ƙarshen da na kira shirme, kada ki taɓa ko harafi ɗaya. Tana kwance a maƙabartar bayan gidanmu, mu ba mu mai da ita garinsu ba. Ki bar ta ta koma ko a takarda ne.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Memuna, tattaɓa-kunnen Lamisi